Babi na Shida: Gwangwani Ɗaya a Kan Tebur

Albarushi ba ya yawo da sunansa a jikinsa. Sunan yana kan gwangwani, kuma da zarar an juye shi cikin ma'auni ya rabu da sunan ke nan, ya koma baƙin tsaki irin na sauran 'yan'uwansa. Daga nan babu mai shaidarsa sai wanda ya zuba shi, ko 'yar takardar da ya manna a jikin ma'aunin in ya tuna ya manna. Mutumin da ya yi shekara 30 yana ɗura harsashi ba zai dubi tafin hannunsa ya rantse da sunan abin da ke ciki ba, kuma tsofaffin hannu su ne suka fi saurin faɗin haka. Shi ya sa sauya albarushi, wanda a ido bai wuce a juye wannan a zuba wancan ba, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ake asarar bindiga da yatsu da idanu a wannan aiki.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai da Ostireliya da Afirka ta Kudu, doka ta yarda maharbi ko mai gasar harbi ya tsince ƙwanson harsashin da ya harba ya sake ɗura shi a gida. Ƙwanson na tagulla ne, yana da tsada, kuma yana jure ɗuri sau da yawa. A fitar da tsohon makunni daga gindinsa, a matse shi ya koma girmansa, a sa sabon makunni, a zuba albarushi, a dasa kan harsashi a baki. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ba ta sakar wa kowa wannan aiki ba. Ƙera harsashi sai da izinin hukuma, kuma don irinsa aka kafa masana'antar DICON a Kaduna a 1964. Saboda haka teburan da za mu leƙa a wannan babi na can ne, galibi a garejin mota ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a Amurka.

A 1947 wani mutumin jihar Kansas mai suna Bruce Hodgdon ya sayi ragowar albarushin soja da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari, irin wanda ake kira 4895, ya riƙa sayar wa maharba kaɗan-kaɗan. Kamfanin da ya tashi daga wannan ciniki har yau yana ɗauke da sunansa. A lokacin nau'o'in da ke kasuwa ba su taka kara sun karya ba. Yau jadawalin da kamfanoni ke bugawa, wanda ke jera albarusai daga mafi saurin ci zuwa mafi jinkiri, yana ɗauke da suna sama da 100: na Hodgdon da IMR da Winchester da Alliant da Accurate, ga Vihtavuori na ƙasar Finlan, ga Norma na Suwidin. Mai bindiga uku ko huɗu yakan tara gwangwani biyar ko fiye a kanta. Ƙarancin kayan ɗuri da aka yi a Amurka a 2013 da kuma 2020 ya ƙara dagula lissafi, don mutum kan sayi abin da ya samu a shago, ko da bai taɓa aiki da shi ba. Ma'auni kuwa yawanci ɗaya ne, duk ta cikinsa za su bi.

Me ya sa 'yar ragowar da ta maƙale a ma'auni take da haɗari haka? Albarushin zamani, wanda ake ce wa marar hayaƙi, in aka kunna shi a fili ci yake yi da wuta mai zafi, ba ya tashi kamar bam. Sai an kulle shi cikin ƙwanso, cikin bututun bindiga, sannan iskar da yake fitarwa take taruwa ta tura kan harsashi. Masu haɗa shi suna tsara saurin cinsa ta hanyar girman ƙwayar da siffarta da abin da aka shafe ta da shi. Akwai mai fale-fale kamar ɓawo, akwai mai ƙananan dunƙule, akwai mai siffar guntun tsinke wanda sau da yawa rami ya ratsa tsakiyarsa. Ƙaramar bindigar hannu tana son mai saurin ci, kaɗan, don bututunta gajere ne. Doguwar bindigar farauta tana son mai ci a hankali, da yawa, ya yi ta turawa har kan harsashin ya fita. Ana auna shi da giren: giren 7,000 ne fam ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Harsashin bindigar hannu yakan ci abin da bai kai giren 10 ba, na doguwar bindiga irin .30-06 yakan ci wajen 50.

Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera bindigogi da harsasai na Amurka suka kafa a 1926, ta ƙayyade iyakar matsin da kowane harsashi zai kai. Na .38 Special fam 17,000 ne a kan kowane inci murabba'i, na milimita 9 fam 35,000, na .308 Winchester fam 62,000. Wato ita doguwar bindiga, ko da an yi komai daidai, a kusa da ƙololuwa take aiki. In albarushin doguwar bindiga ya shiga harsashin bindigar hannu, yawanci rauni ake samu: bai ƙone duka ba, harbin ya fita a sanyaye, wani lokaci kan harsashin ya maƙale a bututu, kuma in aka bi shi da wani harbin bututun ya kumbura ko ya tsage. In kuwa aka juya, mai saurin ci ya shiga ƙwanson da ke ɗaukar ninki goma na abin da aka tsara masa, to matsin yakan haye duk abin da ƙarfen zai iya jurewa kafin kan harsashin ya gusa sosai. Tagullar ta matsu cikin kowace kafa, makunnin ya tashi, iskar mai zafi ta dawo baya wajen fuska, ƙarfen da ke riƙe da harsashin ya tarwatse a tsakanin hannun hagu da ido.

Akwai wani abu da sababbin shiga ke kuskuren lissafawa. Sukan ce, ai cokali ɗaya ne ya rage a ƙasan ma'auni, na kuma zuba rabin fam na sabo a kansa, zai ɓace a ciki. Ba ya ɓacewa. Ragowar tana ƙasa, a bakin mafita, ita ce za ta fara fitowa, kusan tsantsarta, cikin ƙwanso na farko da na biyu da na uku. Duk wanda ya taɓa kai geronsa injin niƙa bayan an gama niƙa barkono ya san cewa garin farko ne ke kwashe yajin. Harsashi 47 cikin 50 za su fita lafiya ƙalau, uku kuma suna cikin akwatin, babu abin da ya bambanta su da sauran a ido.

Sunayen ma ba sa taimakawa. H4895 daban, IMR 4895 daban. Lamba 4350 suna uku ke ɗauke da ita, Hodgdon da IMR da Accurate, kuma kowanne da nasa awon a littafin ɗuri. H110 na Hodgdon ba shi ne N110 na Vihtavuori ba. Wanda ya fi ban tsoro shi ne Accurate No. 7 da Reloder 7: na farko na bindigar hannu ne, na biyu na doguwar bindiga, ga lamba 7 a jikin kowanne. Kamfanin Alliant yana barbaɗa 'yan ƙwayoyi masu launi cikin wasu nasa, ja a Red Dot, kore a Green Dot, shuɗi a Blue Dot, don a gane su, amma waɗannan tsiraru ne. Sauran duk sai gwangwani.

Inda ragowa ke ɓuya

Ɗauki ma'aunin da aka fi sani, irin Uniflow na kamfanin RCBS ko makamantansa na Redding da Hornady da Lyman. A sama akwai rumbu, dogon bututun roba mai haske da ake zuba albarushi a ciki. A ƙasansa akwai gangar ƙarfe mai rami a jikinta, da kusa mai zare da ake murɗawa don a ƙara zurfin ramin ko a rage. In ka ɗaga mariƙi ramin ya fuskanci rumbu ya cika, in ka sauke ya juyo ya zubar ta siririn bututu zuwa bakin ƙwanso. Yawancin masu aiki kan sa wani ɗan faifan ƙarfe a lanƙwashe cikin rumbun don nauyin da ke danna ramin ya daidaita ko rumbun ya cika ko ya yi ƙasa.

Yanzu juye shi, ka kaɗa mariƙin har ya daina zubar da komai, sannan ka ɗauko tocila ka leƙa. A ƙarƙashin faifan nan za ka ga ƙwayoyi sun kwanta a inda ya taɓa bangon rumbu. A mahaɗar roba da ƙarfe akwai wata 'yar gaɓa da ke zagaye, nan ma sun jeru. Kwance gangar ka dubi ƙasan ramin: gefen kan kusar yakan riƙe ƙananan dunƙule, musamman in zaren ya ɗan saki. A jikin bututun zubarwa, inda ya tsuke, wasu sun manne ba su da niyyar faɗowa. Bangon rumbun kansa kuma ya yi dishi-dishi da ɓawon albarushi mai fale-fale, wanda in ka kai yatsa sai ya yi tsalle ya koma wani wurin. Duk wannan a cikin ma'aunin da ka riga ka ce ya zama fanko.

Na'urar lantarki mai awo da kanta, irin ChargeMaster, ta fi wannan wuraren ɓuya. Tana da 'yar ƙofa a gefe da ake buɗewa albarushi ya tsiyaye, amma bututun da ke juyawa yana ɗigo da shi kan sikeli yana da zare a ciki, kuma ba ya tsiyayewa da kansa. Sai an karkata na'urar, an kunna ta ta yi ta juyi a banza har ƙwaya ta daina faɗowa, an bi ta da burushi. A rufe ƙofar kafin a zuba sabo. Masu mantawa da wannan suna da yawa, kuma tebur da ƙasa ne ke shan albarushin. Haka ɗan maɗigin hannu da ake cike giren na ƙarshe da shi: ƙarami ne, yana gefe, shi aka fi mantawa, kuma abin da ke cikinsa kai tsaye yake shiga farantin sikeli. Sai mazurari, sai farantin kansa. A injin Dillon mai yin aiki huɗu ko biyar a bugu ɗaya, wani sandan ƙarfe mai rami ne ke zamewa gaba da baya a maimakon ganga, kuma ƙananan ƙwayoyi kan shige ƙarƙashinsa. Wannan inji ya fi bukatar a kwance shi a duba, don mai aiki da shi ba ya ganin cikin kowane ƙwanso yadda mai yin ɗaya-ɗaya ke gani.

Tun kafin a ɗauki burushi akwai abin da ya riga shi, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi. Gwangwani ɗaya tak ke zama a kan tebur, wanda albarushinsa ke cikin ma'auni. Sauran suna kanta, nesa da hannu, inda sai an tashi tsaye an taka kafin a ɗauko. In za a sauya, a karanta sunan da ke jikin ma'auni, a karanta na gwangwani, a ga sun zama ɗaya, sannan a juye. A rufe gwangwanin, a kai shi kanta, a ɓare tsohuwar takarda daga jikin rumbu. Sai an gama shara tsaf sannan sabon gwangwani zai sauko. Tsakanin tafiyar wancan da zuwan wannan akwai lokacin da babu albarushi ko ɗaya a kan tebur, kuma wannan tazara ce ke hana babban kuskure, wato mayar da ragowar wani cikin gwangwanin wani. Ragowa a ma'auni harsashi uku take ɓatawa. Ragowa a gwangwanin da ba nata ba kuwa ta ɓata fam guda ko fam takwas, kuma za ta yi ta bin mutum wata da watanni bai sani ba. In waya ta yi ƙara ko aka yi sallama a ƙofa ana tsakiyar wannan, gara a ƙarasa mayarwa a rufe kafin a amsa.

Wasu kan ce maganin abin shi ne a sayi ma'auni ga kowane albarushi, a huta da shara. Masu injin Dillon da yawa haka suke yi, kowane harsashi da nasa kan injin da nasa ma'aunin. Ban ƙi ba, yana rage kwancewa da ɗaurawa. Amma yana jawo wata ɗabi'ar, ta barin albarushi ya kwana a rumbu, har ya yi mako, har takardar ta ɓare ta faɗi, a wayi gari da ma'auni uku cike da baƙin tsaki ana ƙoƙarin tuna wanne ne wanne. Ko sunan bai ɓata ba, zaman ba shi da kyau. Albarushin zamani iri biyu ne ta fuskar haɗi: mai naitiroselulos kaɗai, da wanda aka ƙara wa naitirogilisarin. Na biyun yana cin robar rumbu. Da farko ta yi rawaya, sannan ta dushe har ba a ganin ciki, a ƙarshe ƙwayoyin su nutse cikin bangon su kafe. Rumbun da ya kai wannan hali ba ya sharuwa, sauya shi ake yi. Ban da haka murfin rumbu ba ya toshe iska kamar na gwangwani, albarushin yakan sha laima ko ya bushe gwargwadon yanayin ɗaki, kuma hakan na taɓa saurin cinsa.

Kayan sharar ba su da yawa: burushi mai laushi irin na masu zane, da abin hura iska na roba da ake matsawa da hannu, da tsumma mai tsabta marar gashi. Mai ba ya shiga cikin ma'auni ko kaɗan. Yana kama ƙwayoyi ya dunƙule su, kuma yana kashe ƙarfin albarushin da ya taɓa. Sabon ma'auni yakan zo da maiƙon hana tsatsa daga masana'anta, dole a kwance shi a goge ƙarfen da sinadarin cire maiƙo a bar shi ya bushe, a kuma kiyaye kada sinadarin ya taɓa robar. Wannan baƙin shafi mai santsi da ke taruwa a jikin ganga bayan an daɗe ana aiki kuwa, a ƙyale shi. Girafayit ne, irin baƙin da ke cikin fensir, wanda ake shafe albarushi da shi tun daga masana'anta, kuma shi ke sa ganga ta juya sumul ta kuma rage mannewa. Ƙwaya ake nema a fitar. Wanda ya kankare girafayit ɗin har ƙarfe ya yi fari zai sha fama da awo marar daidaito kafin shafin ya dawo.

Mannewar nan da tsallen ƙwayoyi aikin lantarkin guga ne, wanda ke sa rigar leda ta yi ƙas-ƙas in an cire ta da hunturu. Busasshiyar iska ke ƙara shi, shi ya sa ya fi damun masu ɗuri a lokacin sanyi, sa'ad da na'urar ɗumama ɗaki ta busar da iskar gida. Dabara biyu aka sani: a wanke robar da ruwan sabulun wanke kwanoni a bar ta ta bushe da kanta ba tare da an goge ba, ko a shafe ta da ɗan ƙyallen nan da Amurkawa ke jefawa cikin injin busar da tufafi. Abin da ya zube a ƙasa da tsintsiya ake kwashe shi. Injin shara mai zuƙa yana da mota mai tartsatsi a ciki, ga kuma yiwuwar ya zuƙi makunnin da ya faɗi ba a gani ba. Abin da aka share daga ƙasa ba ya komawa gwangwani.

Bayan sabo ya shiga

An zuba sabon albarushi, an rubuta sunansa a takarda an manna a rumbu. Kafin ƙwanso ya matso, a shimfiɗa farar takarda a zubo awo biyu ko uku a kai, a baza da bakin burushi ƙarƙashin fitila. In albarushin mai guntun tsinke ne, sai ga wani ɗan fale-fale a tsakaninsu yana ƙyalli, ko 'yan dunƙule biyu sun gangara gefen takarda, to shara ba ta yi ba, a koma baya. Wannan gwaji yana da iyaka, don in tsoho da sabo siffarsu ɗaya ce ba zai nuna komai ba. Ko an ga baƙuwar ƙwaya ko ba a gani ba, waɗannan awo na farko zubar da su ake yi. Giren ɗari ɗaya ko ɗari biyu ne, ba su kai a tsaya ciniki a kansu ba.

Sannan a tuna cewa ma'aunin cika rami kawai ya iya, bai san nauyi ba. Ramin da ya ba da wani nauyi da albarushin jiya zai ba da wani dabam da na yau, don ƙananan dunƙule sun fi cushewa a wuri ɗaya fiye da fale-fale. Saitin jiya ya mutu tare da fitar albarushin jiya. A daidaita sikeli ya tsaya a sifili, a gwada shi da 'yan duwatsun gwaji masu sanannen nauyi. In na lantarki ne a bar shi ya ɗan jima a kunne, a kawar da waya daga kusa da shi, a kashe fanka, domin abin da ke karanta kashi ɗaya cikin goma na giren iskar numfashi ma tana motsa shi. In mai sanda ne a dubi inda aka ajiye kowane ɗan nauyi sau biyu, don tsallake gurbi ɗaya a babban sandan kan ƙara giren 5 ko 10. Daga nan a yi ta zubawa ana aunawa, wajen sau goma, har albarushin ya zauna a rumbu awon ya daina yawo, da bugun hannu iri ɗaya kowane karo.

Kowane albarushi da halinsa a cikin ma'auni. Ƙananan dunƙule suna zuba kamar ruwa, amma suna yoyo ta kowace kafa. Dogon tsinke yakan shiga tsakanin ganga da bango, a ji ƙarar yankewarsa a mariƙi. Yakan kuma harɗe a siririn bututu ya tsaya, rabin awo ya faɗa wannan ƙwanso, sauran ya haɗu da awo na gaba ya faɗa na kusa da shi: ɗaya ya gaza, ɗaya ya yi yawa. Wanda ya taso daga dunƙule zuwa tsinke sai ya duba ko bututun zubarwarsa ya isa faɗi. Kuma kafin a dasa kan harsashi ko ɗaya, a jera ƙwanson duka a katakonsu, a haska tocila, a bi su layi-layi a ga albarushin ya tsaya a tsayi ɗaya. Ko sunan bai sauya ba, in an buɗe sabon gwangwani mai wata lambar rukuni dabam, littattafan ɗuri sun ce a ja baya zuwa awon farawa a sake hawa a hankali, don rukuni da rukuni ba sa zama daidai wa daida.

Akwai sauyi ɗaya da shara ba ta isar masa, wato tsakanin albarushin zamani da baƙin albarushi na da, mai gawayi da farar wuta. Tun 1884, da Bafaranshe Paul Vieille ya fito da marar hayaƙi na farko da ya yi aiki a bindigar soja, hanyoyin biyu suka rabu. Baƙin albarushi tartsatsi kaɗan ke tayar da shi, kuma ko a fili tashi yake yi gaba ɗaya. Saboda haka kamfanin Lyman ya yi masa ma'auni nasa na musamman, mai rumbun alminiyam da tagulla a inda ƙarfe zai gogi ƙarfe. Ƙurarsa kuma tana jan laima ta cinye ƙarfe da tsatsa. Kayansa dabam, wurin ajiyarsa dabam. Nan ne maganar ta taɓo gida. Bindigar toka ta maharbanmu, da wadda 'yan bindiga ke turnuƙe fili da hayaƙinta a hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau, don baƙin albarushi aka ƙera su, kuma matsin da bututunsu ke jurewa kaɗan ne. Albarushin da ke cikin harsashin zamani, ko da ya yi kama da shi a ido, in ya shiga irin wannan bindiga fasa ta zai yi a hannun mai ita. Ko Amurkawa masu bindigogin ɗuri-ta-baki na masana'anta, masu ƙarfe mai kauri, sau da yawa an buga musu wannan gargaɗi a jikin bututun.

To in aikin gama ya gama fa, an gane cewa biyu sun haɗu? Zuciya takan kawo dabaru, musamman in gwangwanin fam takwas ne aka saya da tsada a lokacin ƙaranci. A tankaɗe da rariya. A tsince da ɗan hantsaki. A ce ai kusan saurinsu ɗaya, a rage awo kawai. Babu ɗaya da zan yarda da ita. Babu littafin da ke da awon gauraye, babu ɗakin gwajin da ya auna matsinsa, kuma girgiza takan sa ƙanana su nutse manya su taso, har abin da ke saman gwangwani ya bambanta da na ƙasa. A rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe cewa ya gauraya, a fitar da shi daga ɗakin, a miƙa shi ga masu karɓar shara mai haɗari ko a bi hanyar zubarwa da SAAMI ta bayyana. Hukuncin ɗaya ne da albarushin da aka tsinta a ma'auni babu takarda, da wanda aka gada a cikin kwalbar da ba tasa ba, da wanda ya lalace. Lafiyayye yana da ɗan ƙamshin sinadari mai sanyi. Lalatacce yana da warin tsami mai hawa hanci, da jar ƙura kamar tsatsa in an zuba shi a takarda. Zama a gwangwaninsa na asali ma doka ce ta kashe gobara a Amurka: ƙa'idar NFPA 495 ta yarda a ajiye har fam 20 a gida cikin gwangwanayen asali, daga nan zuwa fam 50 sai cikin akwatin katako mai kaurin inci ɗaya. An yi gwangwanin ne yadda zai buɗe da sauƙi in wuta ta kama, ya saki iskar kafin ta taru.

Saura harsasan da aka riga aka ɗura. Ba a gwada ɗaya a ga yadda zai yi, kuma auna su a sikeli ba ya fitar da mai laifi, don bambancin nauyin tagulla tsakanin ƙwanso da ƙwanso ya isa ya rufe bambancin, balle ma gauraye na iya zuwa da nauyi daidai. Kwance su ake yi, da wata gudumar roba mai rami wadda ake sa harsashin a ciki a buga a katako har kan ya zame, ko da wani maƙali da ake ɗaurawa a injin matsa. Aiki ne mai cin rai, ɗaya bayan ɗaya. Yawan waɗanda za a kwance kuwa ya dogara ga abin da aka rubuta. Mai littafin da ke ɗauke da kwanan wata da sunan albarushi da lambar rukuninsa da nauyin awo, wanda kuma ya manna irin wannan bayani a kowane akwati, zai buɗe ya ga ranar da ya yi sauyin, ya ware akwati biyu ko uku da suka biyo bayanta. Wanda bai rubuta ba sai ya kwance duk abin da ya ɗura tun ranar ƙarshe da yake da tabbaci a kanta, ko ɗari biyar ne ko dubu. Ƙwanso da kan harsashi da makunni za su sake amfani. Albarushin da ya fito daga cikinsu yana bin wancan gwangwanin da aka fitar.